Masauki a Abuja: Shawarwari Ga Iyalin da Tafiya Ta Kama

Da wuya a yau ka sami gida a Arewa da lalura ba ta taɓa kai wani nasa Abuja ba. Wannan biza ce ta kai shi, wancan fasfo ko fansho. Wata baiwar Allah likitan jiharsu ne ya rubuto mata takarda zuwa Asibitin Ƙasa, wani ɗansa aka kira ganawar ɗaukar aiki, wasu kuwa ɗaurin aure ne ko rakiyar matafiyi filin jirgi. Za ka ga an tanadi kuɗin mota, an haɗa takardu, har ɗinki an yi, amma da an zo maganar wurin kwana sai a ce, "In mun je ma gani."

A Katsina ko Zariya wannan maganar tana iya wucewa, domin duk inda ka sauka, ɗan acaɓa zai kai ka inda za ka kafin shayinka ya huce. Abuja ba haka aka gina ta ba. A takarda aka zana ta bayan dokar 1976 ta zamanin Janar Murtala Muhammad, aka ware ofisoshi gefe guda, unguwannin kwana gefe guda, aka shimfiɗa manyan tituna a tsakani, kafin gwamnati ta tare daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Gari ne na mai mota. Baƙon da ya zaɓi masauki ba da lissafi ba, abin da ya rage a kuɗin ɗaki a titi zai biya shi, da aljihunsa da lokacinsa da lafiyar jikinsa. Ga abubuwan da ya kamata maigida da uwargida su zauna su duba tun kafin a ɗaure kaya.

1. Ku fara sanin inda aikin yake, sannan ku nemi ɗaki.

Wannan ita ce uwar shawarwarin, sauran duk 'ya'yanta ne. In mutum ya ce "Abuja za ni," bai faɗi komai ba tukuna, don Birnin Tarayya ƙananan hukumomi shida ne: ta cikin birni, da Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Sakatariyar Tarayya, Majalisar Dokoki, Masallacin Ƙasa, ofishin Hukumar Alhazai, ofishin jakadancin Amurka da Asibitin Ƙasa duk a tsakiyar birni suke, don haka mai hulɗa da su Garki ko Wuse ko Utako ne suka dace da shi. Hukumar rajistar kamfanoni da hukumar PTAD mai biyan tsofaffin 'yan fansho na tarayya a Maitama suke. Amma tsohon soja da ke bin haƙƙinsa, hukumar fanshon sojoji tana Dutse Alhaji, kuma Kubwa ta fi masa Garki sau goma. Hedikwatar JAMB da Makarantar Lauyoyi suna Bwari. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima yana Kubwa. Hedikwatar shige da fice tana Sauka, kan hanyar filin jirgi, wato Lugbe ce maƙwabciyarta. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja kuwa yana Gwagwalada, fiye da kilomita 50 daga tsakiyar birni.

Masu neman biza su ƙara kula. Ƙasashe da yawa ba a ofishin jakadancinsu ake miƙa takardu da ɗaukar hoton yatsu ba, wani kamfani suke wakiltawa a wata unguwa daban. Adireshin da ke jikin takardar ganawarku shi ne abin bi. Ku sa yaron gida ya buɗe taswirar waya ya dasa alama a wurin, sannan a fara neman masauki a kewayensa.

2. Ku san ta ƙofar da za ku shigo, da inda cunkoso yake fuskanta.

Manyan hanyoyi uku ne ke zuba mutane cikin Abuja. Mai zuwa daga Kano, Kaduna, Katsina ko Sakkwato ta Zuba zai shigo, ya bi titin Kubwa ya wuce Dei-Dei da Gwarinpa. Mai zuwa daga Jos, Bauchi, Gombe ko Maiduguri ta Keffi zai biyo, ya ratsa Masaka da Mararraba da Nyanya ya faɗo shataletalen AYA. Na Lokoja ta Abaji da Gwagwalada zai zo, ya hau titin filin jirgi. Yawancin ma'aikatan birnin a bakin waɗannan hanyoyi suke kwana, saboda hayar cikin gari ta fi ƙarfinsu. Da asuba sai su ɗunguma gaba ɗaya su nufi tsakiya kamar ruwa a mazurari, da yamma kuma su juyo.

Hanyar Mararraba da Nyanya ita ce ta fi suna a wannan wahala. A taswira tafiyar ba ta da wani tsawo, amma wanda ya bar Mararraba da bakwai na safiyar Litinin yana iya share awa biyu bai kai Sakatariya ba. In an ba ku ganawa ƙarfe takwas, ko dai ku kwana a cikin gari daren, ko ku fito da an sallame sallar asuba. Wanda kuwa ya kwana a gari aikinsa yana Gwagwalada ko Bwari, titi a buɗe zai same shi, don kowa shigowa yake shi yana fita.

Masu jirgin ƙasa daga Rigasa, jirgin yana tsayawa a Kubwa kafin ya ƙarasa Idu. In masaukinku Kubwa ne ko Dutse ko Gwarinpa, a nan za ku sauka. Tashar Idu tana bayan gari, kuma daga nan akwai jirgin cikin birni da aka sake buɗewa a 2024, mai zuwa tsakiyar gari da filin jirgin sama, sai dai a tambayi lokutansa kafin a dogara da shi.

3. Ku haɗa kuɗin ɗaki da kuɗin mota wuri guda kafin ku ce wuri ya yi araha.

Tun 2006 aka hana acaɓa a cikin birnin Abuja, Keke Napep ma an tsare shi a wasu unguwanni da garuruwan gefe. Abin da ya rage wa baƙo shi ne tasi ta haɗaka, ko ya ɗauki shata, ko ya kira mota ta waya irin su Bolt da inDrive. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa kuɗin mota ya daina zama abin da ake mantawa da shi a lissafi.

Ku ɗauki biro da takarda. Mutum nawa ne za su fita kullum? Mota nawa za su canza kafin su isa? Sau nawa za a yi zirga-zirgar a yini, musamman in akwai kai abinci asibiti safe da yamma? In mutum ɗaya ne mai ƙarfi a jika da zai kwana biyu, Kubwa ko Karu ko Lugbe ba laifi. In mutum huɗu ne da tsohuwa da goyo, sau da yawa ɗaki mai ɗan tsada da za a taka da ƙafa zuwa wurin aiki shi ne mai arahar gaske.

4. Sauka a gidan 'yan'uwa alheri ne, amma a yi shi da tsari.

Mu mutane ne da suka tashi suka tarar ana cewa baƙonka annabinka. Tun zamanin fatake kowane matafiyi yana da maigidansa a zango, kuma har gobe akwai dattijon da in ka zo gari ka kama otal zai ce ka raina shi. Wannan al'ada ce mai kyau, ba na so ta mutu. Abin da zai raya ta kuwa shi ne baƙo ya san halin da mai masaukinsa yake ciki.

Ɗan'uwan nan da ake cewa "ai yana Abuja," galibi ma'aikaci ne mai ɗaki biyu da falo a Kubwa ko Nyanya, wanda hayar shekara take cinye rabin albashinsa. In kun zo ku biyar, yaransa ne za a kwashe a shimfiɗa musu katifa a falo. Uwargidansa ce za ta tashi tun kafin kiran assalatu ta ɗora ruwan wanka, tana duban tukunyar gas da ta yi lissafin za ta kai ƙarshen wata, ta leƙa waje ta ƙara wa mai garuwa jarka huɗu a kan wadda ta saba saye. Ba za ta ce uffan ba, da fara'a za ta kawo muku kunu da ƙosai. Kunya ce ta rufe mata baki, ku kuma sai ku gani da idon basira.

Saboda haka a kira waya tun da sauran mako, a faɗi mutum nawa ne, maza nawa mata nawa, kwana nawa za a yi. A bar ƙofar uzuri a buɗe: "Yaya, in gidan da baƙi ko akwai takura, don Allah ka faɗa mini, sai ka taimaka ka nema mana wuri kusa da ku." Uwargida ta kira uwargidan can da kanta, don ita ce za ta ɗauki nauyin. Kada a zo hannu rabbana. Shinkafa, wake, man gyaɗa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, duk abin da yake da sauƙi a gida yana da daraja a can. Addini ya sanya wa baƙo haƙƙin liyafa kwana uku. In zaman zai wuce haka, kamar na jinya, sai maigida ya sa hannu a cefane da kuɗin wuta da ruwa ba tare da an tambaye shi ba, ko a raba: mata su zauna a gidan, maza su nemi ɗaki a kusa.

Sannan zumunci ba ya rage tsawon titi. In ɗan'uwanku yana Suleja, wadda ma a jihar Neja take, ku kuma kuna da ganawa a Maitama da sassafe, ku kwana kusa da aikinku daren farko. In an gama sai a je a yi zumunci da hankali kwance.

5. Otal ko gidan haya na kwanaki?

In kwana ɗaya ne zuwa uku, kuma mutum ɗaya ko biyu, otal ko gidan baƙi ya fi sauƙi: akwai mai karɓar baƙi dare da rana, akwai mai gadi, in wani abu ya lalace a canza muku ɗaki. In iyali ne da yara za su yi mako ko fiye, gidan haya na kwanaki mai kicin da firji ya fi, irin waɗanda suka yawaita a Gwarinpa, Jabi, Wuye da Lokogoma. Abincin saye sau uku a rana na mutum biyar a Abuja yana iya fin kuɗin ɗakin kansa, alhali da tukunya ɗaya da cefanen kasuwar Wuse ko Utako ko Garki an wuce wurin.

Ku tambayi kuɗin gaba ɗaya. Wasu otal-otal farashin da suke faɗa bai haɗa da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ladan hidima ba. Gidajen kwanaki kuma suna karɓar kuɗin ajiya na ko-ta-kwana saboda ɓarna, sai a ji nawa ne, yaushe ake mayarwa, a kuma rubuta. Mai dogon zama ya nemi ragi, ana yi.

6. Kada kuɗinku ya riga idonku isa.

'Yan damfara sun gane cewa baƙo yana cikin gaggawa. Suna ɗaukar hoton gidan wani su lika a Facebook ko Instagram da farashi mai daɗi, su ce saura ɗaki ɗaya, a turo kafin alƙalami yanzu. Ranar da kuka iso da kaya niƙi-niƙi sai a tarar waya a kashe. Ku tura wani naku da ke gari ya je ya gani da idonsa. In babu, a yi kiran bidiyo, a nuna muku ƙofar gida da allon suna da titi da cikin ɗakin a kira ɗaya ba yankewa. Otal na gaskiya asusunsa da sunan otal ɗin yake. In aka ba ku asusu da sunan wani mutum daban, ku dakata. In dole sai an biya, a biya na kwana ɗaya, a karɓi rasit.

7. Ku duba ɗaki kafin a shigo da jaka.

Minti biyar ya isa, kuma ba rashin kunya ba ne. Ku wuce banɗaki kai tsaye ku murɗa famfo, ku ja ruwan masai. In kun ga babban bokiti cike da ruwa an ajiye a lungu da moɗa a kai, to famfon nan ba kullum yake kawowa ba. Ku ɗaga zanen gado ta wajen kai ku duba ɗinkin katifa: ɗigo-ɗigon baƙi a jere alamar kuɗin cizo ce, kuma in ya shiga jakunkunanku har gida zai raka ku. Ku rufe ƙofa ku gwada sakata ta ciki, don mukulli kaɗai bai isa ba, ba ku san hannu nawa ya ratsa ba. Ku buɗe labule ku ga abin da taga take kallo, da ko ragar sauro ta yage. Ku kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ku soka cajar waya a soket. Ku shaƙi iskar ɗakin: warin taba ko na danshi ba ya fita da turaren da aka fesa, kuma mai asma ko jariri shi zai sha wahala cikin dare. A ƙarshe ku tambayi alƙibla, ku kuma duba ta wace matakala za a fita in gobara ta tashi. In ɗakin bai yi ba, ku ce a nuna muku wani tun kuɗi yana hannunku.

8. Wuta da ruwa, da damina.

Tambayar ba "akwai wuta?" ba ce, don kowa zai ce akwai. Ku ce: in an ɗauke, ƙarfe nawa ake tada janareto, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki? Unguwannin da ke layin da ake kira Band A an yi musu alkawarin awa 20 a rana tun da aka ƙara musu kuɗi a Afrilun 2024, shi ya sa wasu gidajen kwanaki suke barin baƙo ya sayi katin mita da kansa. A ji wannan tun farko. A watannin Maris da Afrilu, ɗakin da ba wuta cikin dare azaba ne ga yara. Kada kuma ku yarda da ɗakin da janareto yake gindin tagarsa, don hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun farka ba.

Cikin birni yana shan ruwan madatsar Usuma, amma garuruwan gefe da yawa rijiyar burtsatse da 'yan garuwa ne. Da damina kuma a guji gidan da ke kwari ko bakin rafi. Sassan Lokogoma sun sha ambaliya, haka rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, inda ruwa ya shanye gidaje a watan Yunin 2023.

9. Unguwar da kuka gani da rana, ku tambayi yadda take da dare.

Wani otal da azahar shiru kamar ba kowa, amma da sha ɗayan dare sai kiɗa ya tashi daga mashayar da ke ƙasansa har ƙarfe uku. Wuse 2, musamman wajen titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola, ba ta barci da wuri. Mai iyali ya tambaya kai tsaye: kuna da gidan rawa ko mashaya? Kuna ba da ɗaki na awa-awa? In amsar e ce, wurin bai dace da matarka da 'ya'yanka ba, komai araharsa. Alamar wurin kirki ita ce a nemi katin shaidarku a rubuta sunanku, a kuma hana kowa wucewa ɗakuna sai an kira mai ɗaki. Ku duba ko akwai masallaci da za a taka da ƙafa, da kantin magani, da mai shayi ko gidan abincin da hankalinku ya kwanta da shi.

10. In da marar lafiya ko tsoho a tafiyar, shi ne zai zaɓi masauki.

Tafiyar jinya ita ce ta fi kowace cin kuɗi da ƙarfin zuciya, kuma ita ce aka fi yi ba shiri. Likita ya ce mako ɗaya, sai gwaje-gwaje da jiran layin tiyata su mayar da shi wata guda. Masu gashin ƙashi da wankin ƙoda kuwa zuwa ne a kai a kai. Don haka kada a zuba kuɗin masauki gaba ɗaya a makon farko a wuri mai tsada. A kama na kwana biyu kusa da asibiti, a ga likita, a ji tsawon zaman, sannan a nemi na dogon lokaci. Ma'aikatan jinya da sashen walwalar marasa lafiya da limamin masallacin asibiti, da ma masu jinyar da suka riga ku zuwa, sun san ɗakunan da ke kewaye fiye da kowane dillali.

Ɗakin ya kasance a ƙasa. Kada a ruɗe ku da lifta, don in wuta ta ɗauke, ɗaukar dattijo a kujera zuwa hawa na uku ba ƙaramin abu ba ne. A duba masai na zama ne ko na tsuguno, ƙofar banɗaki za ta shigar da keken marar lafiya ko a'a, tayil ɗin yana da santsi ko babu. Mai ciwon suga da ke allurar insulin yana buƙatar firji mai wuta. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda da aka hana gishiri yana buƙatar kicin, don abincin saye ba zai kiyaye masa doka ba. A sami lambar direba ɗaya amintacce da zai ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare ne.

A rage 'yan rakiya. Asibiti yawanci mutum ɗaya yake bari ya kwana da marar lafiya, sauran sai ka gan su a baranda da tabarmi, sauro yana cizo, kuɗin magani yana tafiya a abincinsu. Mutum biyu masu karɓeɓeniya sun isa: ɗaya yana ciki, ɗaya yana barci a masauki. Mai jinyar da bai yi barci ba kwana huɗu shi ma gado yake nema. 'Yan dubiya su zo su koma a yini, abin da za su kashe a otal su sa shi a ambulan su ba marar lafiya.

11. Hanyar komawa masauki ma masauki ce.

Mazauna Abuja duk sun san 'yan "wan cans": mota ce kamar tasi, da fasinjojin bogi a ciki, wani lokaci har da mace don a saki jiki. In mutum ya shiga sai a ƙwace waya, a tilasta masa ya kwashe abin da ke asusunsa, a jefar da shi a hanya. An rasa rayuka ta wannan hanya. Sun fi samun sa'a da asuba da bayan magariba, a kan wanda ya tsaya shi kaɗai a bakin babban titi ko ƙarƙashin gada. Masaukin da sai an canza mota biyu a irin waɗannan wurare kafin a kai shi, ya ƙara muku haɗari kullum. Ku hau mota a tasha. In ta waya kuka kira, ku duba lambar motar da fuskar direba su dace da abin da waya ta nuna, ku tura wa na gida bayanin tafiyar. Ku riƙe lambar gaggawa ta 112.

12. Ku dubi kalanda.

Ofisoshi Litinin zuwa Juma'a suke aiki, kuma daga an tafi masallaci ranar Juma'a sai abin da hali ya yi. Wanda ya iso daren Alhamis da aikin da bai ƙare a yini ɗaya ba, ya sayi kwana uku na zaman banza. Isowa Lahadi da yamma ta fi. Lokacin babban taron jam'iyya ko rantsar da sabuwar gwamnati ɗakuna suna ƙarewa, farashi ya hau, kuma duk ranar da ake biki a dandalin Eagle Square akan rufe titunan da ke kewaye da Sakatariya. Da Sallah da Kirsimeti kuwa gari yakan yi fayau. Yawancin otal-otal sha biyun rana ake sallamar ɗaki, in jirginku na dare ne ku nemi su ajiye muku kaya. In kuma na sassafe ne, filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari, kwanan Lugbe ya fi.

13. In yaro ko yarinya ne za su tafi su kaɗai.

Jarrabawa, ganawar aiki, tantancewar tallafin karatu, karɓar takardar bautar ƙasa, duk suna kai 'ya'yanmu Abuja ba tare da mu ba, wasu ma karon farko ke nan da suka bar jiharsu. Yaro yana jin nauyin ya ce kuɗin da aka ba shi ba zai isa ɗaki ba, sai ya kwana a benci a tashar Jabi ko Utako, ko ya bi wani abokin da a waya kawai ya san shi. Yarinya kuma ta fi shiga haɗari, musamman in wanda ya yi alkawarin aikin shi ne kuma ya ce zai ba da masauki. Duk aikin da aka ce a zo otal da dare a yi ganawarsa, a bar shi.

Iyaye, wannan nauyin naku ne. Kafin ɗanku ko 'yarku su hau mota, ku san sunan unguwa da titi da lambar gidan da za su kwana, ku yi magana da mai gidan ko mai otal ɗin da bakinku, ku riƙe lambar wani babba a garin da zai iya zuwa in an kira shi. Ku ware kuɗin ɗaki daban da na mota da na abinci, ku ƙara na kwana ɗaya a kai saboda ɗage ganawa. Ku sa su tashi da motar farko don su shiga gari da rana tsaka. Kuma don Allah kada ku kwanta daren nan sai kun ji muryarsu daga cikin ɗakin, sun ce muku sun sa sakata.